Hajiya za ta koma Kano: a kai ta Nayagara da safe ko da yamma?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan ta Kanada. Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, ta zo mana wankan jego, an yi arba'in makon jiya, kuma ƙarshen watan nan na Yuli za ta koma Kano. Tunda ta sauka ba inda ta leƙa sai asibiti da kanti. Ina so ta ga magangarar ruwan Nayagara kafin ta tafi. Na ga masu bas suna tallar yawon yamma: a kwashe ku a Toronto da rana tsaka, a shiga jirgin ruwa, a ci abinci, a tsaya kallon fitilu da wasan wuta, a dawo da ku wajen tsakar dare. Kuɗin da ɗan nauyi in aka haɗa mutum uku. In biya, ko mu yi sammako da motarmu mu je mu dawo tun da rana? Hajiya ta haura sittin, kuma gwiwa na damunta.

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Amma kar dai ka ce min da jaririyar za ku shiga jirgi.

Baban Amira: Amin Anti, na gode. Ai jarirai ba a karɓar musu kuɗi.

Maman Walid: Ba kuɗin nake ji ba. Jirgin nan har gindin ruwan yake kutsawa. Feshi da iska ta ko'ina, rigar ledar da suke rabawa ba ta hana fuska da ƙafa jiƙewa, ga rugugi, na kusa da kai ma sai ya ɗaga murya. Yarinyar da ba ta rufa wata biyu ba me za ta yi a can? Ita ma maijego da ta gama shan ruwan zafi jiya-jiya, ba na so sanyi ya shige ta. Su zauna a sama su jira ku.

Zee St. Catharines: To in maman Amira ta zauna da jaririya, Yaya shi da surukarsa ke nan a jirgi, kowa cikin jar leda. Don Allah a turo mana hoto.

Baban Amira: Ke Zee ki kiyaye ni. Ko a falo ban iya haɗa ido da ita.

Kawu Garba: Yaro, in za ka ji tawa, ku je da safe. Ku bar gida bayan asuba, kilomita 130 ne ko kusa da haka, kafin tara kun isa, titi ba cunkoso, wurin ajiye mota a wadace. Ta ga ruwan yadda Allah ya halicce shi, fari tas daga sama, kore shar a inda yake lanƙwasowa. Da dare me ake gani? An hasko shi da ja, an juya shuɗi, an koma shunayya, an mai da ayar Allah kamar zauren biki. Ga layin Clifton Hill ya cika da kiɗa da ihu, ga gidajen caca biyu suna ƙyalli a kan tudu. Dattijuwa ba ta baro Kano don ta ga ƙwan lantarki ba.

Zee St. Catharines: Kawu a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Ni nan kusa nake, minti ashirin ne a mota, kuma duk baƙon da ya zo ni ake turawa rakiya. Mai zuwa da safe yana asarar abu guda: bakan gizo. Mu a ɓangaren Kanada gabas muke fuskanta in muna kallon ruwan. Da safe rana na cikin idonka, hoto ma baƙi yake fita. Daga la'asar kuwa ta koma bayanka, haskenta ya bugi feshin, sai ka ga bakan gizo ya tsaya cak a kan kogin, wani lokaci har biyu. Wannan ai ba ƙwan lantarki ba ne. Kuma yawon yamma ba yawon dare ba ne, yanzu rana ba ta faɗuwa sai tara saura. Wanda ya isa ƙarfe huɗu yana da awa huɗu da ɗoriya na hasken rana kafin a kunna fitila ko ɗaya.

Kawu Garba: Bakan gizo na yarda. Fitilun ne ban yarda ba.

Injiniya: Kawu, Allah ya ƙara girma, bari in ɗan tsoma baki, don maganar "yadda Allah ya halicce shi" tana da gyara, da rana ne ko da dare. Rabon da wani ya ga Nayagara da cikakken ruwanta an daɗe. Kogin daga tafkin Erie yake fitowa ya zuba a tafkin Ontario, kuma tun kafin ya iso bakin dutsen ake janye kaso mai yawa ta manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa, a kai tashoshin lantarki: Sir Adam Beck a namu ɓangaren, Robert Moses a ɓangaren Amurka. A 1950 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniya kan adadin da dole a bari ya gangaro don masu kallo. Lokacin baƙi, daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 10 na dare, ba za a bar ƙasa da lita miliyan 2.8 a kowane sakan ba. Daga 16 ga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ƙarfe 8 na dare ake tsayawa. Bayan waɗannan awoyin, da kuma duk lokacin sanyi, an yarda a rage zuwa rabi, lita miliyan 1.4. Akwai jerin ƙofofi a saman kogin, in kana tafe a hanyar Chippawa za ka hango su, da su ake sarrafa abin.

Don haka Baban Amira, ga abin da ya shafe ka: a watan nan duk abin da kuka gani kafin goma na dare cikakken kason masu kallo ne, daidai da na mai zuwa da hantsi. Kawu kuma da ya ce a yi sammako, in kuka yi saurin da ya wuce kima kuka isa kafin takwas, kason dare za ku tarar.

Zee St. Catharines: Ikon Allah! Wato wasan wutan da ake yi ƙarfe goma, muna ɗaga kai sama ana rage ruwa a ƙasa?

Injiniya: Kusan haka. Amma ba kashe famfo ake yi ba, a hankali yake sauka, kuma cikin duhu ido ba ya rabewa. Rabin ma ba wasa ba ne. Ragewar tana da wani amfanin: da can ruwan yana cinye bakin dutsen kimanin mita guda a shekara, yana ja da baya, cikin shekara dubu 12 ya ja kusan kilomita 11 daga inda ya faro wajen Queenston. Yanzu cin ya ragu ƙwarai.

Kawu Garba: To ka ga abin da nake faɗa. Sun taɓa ruwan, sun taɓa launinsa. Saura me?

Injiniya: Saura su kashe shi, kuma sun taɓa yi. A 1969 injiniyoyin sojan Amurka sun datse ruwan da ke zuwa magangarar ɓangarensu na tsawon watanni, daga Yuni zuwa Nuwamba, don su duba duwatsun da suka zube a gindinta. Mutane suka riƙa zuwa kallon busasshen dutse. A ƙarshe aka bar duwatsun a inda suke. Shi ya sa in ka lura ta Amurka ba ta faɗowa tiryan-tiryan har ƙasa kamar Horseshoe, babbar magangarar ɓangaren Kanada mai mita 57, a kan tulin duwatsu take fashewa. Fitilun kuma Kawu ba 'yan zamani suka ƙirƙiro ba. Tun 1860 aka fara haska wurin, lokacin da Yariman Wales ya kawo ziyara. A 1925 aka kafa hukumar haskawar, ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu, sai a 2016 aka sauya zuwa fitilun LED da ake gani yanzu.

Kawu Garba: Daɗewar abu ba ta mai da shi daidai.

Ɗan Maraɗi a Montreal: Injiniya, tashoshin nan nawa suke bayarwa?

Injiniya: In ka haɗa na ɓangarorin biyu sun haura megawat 4,000.

Ɗan Maraɗi a Montreal: Kai! Kogi guda ke nan.

Abba Scarborough: Kogi guda mai tsawon kilomita 58 kacal. Mu kuma ranaku da yawa abin da layin lantarki na ƙasa a Najeriya ke rabawa mutum sama da miliyan 200 bai wuce hakan ba. Kainji tun 1968 take, megawat 760 aka gina ta a kai, ga Jebba ga Shiroro ga Zungeru, amma har yau unguwarmu a Zariya sai an yi kwana biyu ba a ga ƙyallin wuta ba. Ku kuma Ɗan Maraɗi a cikin ɗan abin namu kuke ɗiba.

Ɗan Maraɗi a Montreal: Kogin Kwara ta Yamai yake bi kafin ya iso muku, Abba. Ruwanmu ne kuke maido mana ta waya, kuma biya muke.

Abba Scarborough: Ba ma wuta ba. Muna da Gurara a hanyar Suleja zuwa Minna, muna da Matsirga a Kafanchan, muna da Farin Ruwa a Wamba wadda ta ninka Nayagara tsawo. Wa zai ce maka zo mu je Gurara bayan magariba? Ba fitila, ba tsaro, hanyar ma sai addu'a. A nan kuwa ƙarfe sha ɗaya na dare tsohuwa na tura jikanta a keke a bakin ruwa hankali kwance. Ni abin da ke burge ni a yawon dare ke nan, ba launin ba.

Admin: Jama'a, bawan Allah tambayar bas ya yi. Maganar NEPA a bari sai ranar Lahadi.

Hajiya Bilki: Bari in amsa tambayar bas ɗin, tunda na taɓa bi da ƙanwata. Ɗana, ka karanta jadawalinsu layi-layi kafin ka biya. Namu sai da ya fara kai mu garin Niagara-on-the-Lake, gari mai kyau ba laifi, daga nan ya tsaya a gonar inabi wai ɗanɗanon giya yana cikin kuɗin. Mu da hijabanmu muka zauna cikin bas muna kallon agogo, rana tana tafiya. Da muka iso bakin ruwa kuma sai gudu: ku sauka, ku hau, saura minti goma. Abincin da aka haɗa a ciki ban iya cin komai ba sai dankali da ganye. Ba duka ne ke tsayawa a gonar ba, amma yankin na masu inabi ne, da yawansu suna yi. Ga mai ciwon gwiwa da maijego, bas ba ya jiran kowa. Kana da mota, me za ka yi da bas?

Baban Amira: Wallahi Hajiya ban lura da wannan ba. Yanzu na koma na duba, biyu daga cikin ukun da na ajiye duk da gonar a ciki. Da na kai surukata gidan giya da kuɗina.

Maman Walid: Da labari ya riga ka isa Kano.

Ɗan Buffalo: Duk kun bar babbar magana. Ku tsallako ɓangarenmu. Ku daga nesa kuke hango ruwa, mu a jikinsa muke tsayawa. Tsibirin Goat yana tsakiyar magangarun, ga itatuwa ga ciyawa, babu hayaniyar Clifton Hill da Kawu ke ƙorafi, kuma shiga dandalin kyauta ne, tun 1885 aka keɓe shi. A Cave of the Winds kuwa har ƙasan Bridal Veil, ƙaramar magangarar da ke kusa da ta Amurka, ake sauka, ruwan yana dukan kafaɗarka. Jirgin Maid of the Mist mai shuɗiyar leda, wanda ya faro tun 1846, yanzu daga wajenmu kaɗai yake tashi.

Zee St. Catharines: Yaya, magangarun duka uku mu suke kallo. Ku kuna gefen fuska ne. Da dare ma manyan fitilun daga ɓangarenmu ake hasko su.

Baban Amira: Kuma Hajiya bizar Kanada kaɗai gare ta.

Ɗan Buffalo: Af, to magana ta ƙare. Gadar Rainbow da ta haɗa Kanada da Amurka ko da ƙafa za ka taka sai da bizar Amurka in koren fasfo ne da kai. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa a iyakar nan. Nik Wallenda da ya tsallaka kan igiya da dare a 2012, daga wajenmu zuwa wajenku, yana sauka jami'an Kanada suka nemi fasfonsa, kuma yana ɗauke da shi.

Baban Amira: Jirgin fa? Na ga kamar yana ratsa tsakiyar kogin, kar a ce ta shiga Amurka.

Zee St. Catharines: Ba komai, inda kuka hau nan za ku sauka, ba mai tambayar takarda.

Malam Ɗanjuma: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama, ban ga wanda ya taɓo salla ba, kuma ita ce ke wahalar da mutane a yawon yamma. Nisan ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka kasaru ta halatta da zarar kun fita daga gine-ginen gari. Ku yi azahar cikakkiya a gida ku kama hanya. La'asar raka'a biyu a can. Magariba yanzu tana shiga tara saura, daidai lokacin da kowa ke rububin bakin ƙarfe don ganin an kunna fitila, to a nan ake sakaci. Ku riƙe alwala, ku tafi da darduma, akwai fili mai ciyawa a tsallaken titi, ba wanda zai ce muku kanzil. Isha in ta same ku a can biyu ce, in sai kun iso gida huɗu. Da motarka wannan duk mai sauƙi ne, a bas kuwa sai yadda direba ya ga dama.

Game da saɓanin Alhaji Garba da yaran nan, ni ban ga abin zafi ba. An ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Wanda ya isa da la'asar ya duba. In dare ya yi aka kunna fitila, wanda ya ga dama ya kalla, wanda bai so ba ya juya baya ya saurari rugugin, shi ba a canza masa launi ba.

Kawu Garba: Allah gafarta Malam, shi ma Injiniya ya ce rabi ake rage shi.

Injiniya: Sai bayan goma, Kawu.

Maman Walid: Ni gwiwar Hajiya nake tunani. Kar ku ajiye mota a sama wajen otal-otal, gangaren nan saukarsa da daɗi, hawansa ne aiki. Ku biya ku ajiye a filin da ke tsallaken Table Rock, nan ne daidai leɓen Horseshoe, taku kaɗan ne ta dafa ƙarfe ta ga ruwan yana lanƙwasawa a gabanta. Daga nan zuwa inda ake hawa jirgi ya fi kilomita ɗaya, kar ku sa ta taka, ku hau bas ɗin WEGO. In jirgin ya yi mata yawa, a cikin ginin Table Rock ɗin akwai lif da ke sauka mita 38 zuwa ramukan bayan ruwan, Journey Behind the Falls. Can ma ana jiƙewa amma ƙasa ba ta motsi. Ku tafi da abincinku a kula, da shayi a fulas. Kuma ko ana zafi da rana, bakin ruwan nan da dare sanyi ne, a ɗaukar mata rigar sanyi da safa.

Abba Scarborough: Ko ku hau hasumiyar Skylon, mita 160, ta zauna a kujera ta ga duka ukun da fitilunsu ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba.

Hajiya Bilki: Lif ɗin nan da yake hawa ta waje, jikinsa gilashi? Ni dai rufe ido na yi har muka kai.

Zee St. Catharines: Abu ɗaya kuma, in ba dole ba kar ku zo Asabar. Talata ko Laraba. Ana gama wasan wuta kowa ke neman titin QEW lokaci guda. Ko ku tashi goma saura, ko ku zauna ku sha shayi sai an watse.

Maman Amira: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ni ce maijegon, yanzu aka saka ni a zauren. Duk na karanta wa Hajiya. Ta ce a gaida kowa, musamman Malam da Anti Maman Walid. Ta ce jirgi dai ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba, wanda ya kawo ta ta sama ma don dole ne. Ramin bayan ruwa kuma ta ce ita ba gafiya ba ce. Bakan gizo tana so, fitilu ma tana so ta gani da idonta don ta ba da labari, wai a gaya wa Alhaji Garba ya yi haƙuri. Abin da ya fi tsaya mata a rai maganar Injiniya ce. Ta sa na maimaita mata sau biyu, tana tambaya wai da gaske akwai mutumin da aikinsa shi ne ya rage wannan ruwan in dare ya yi, kuma nawa ake biyansa.

Injiniya: A gaida Hajiya. A ce mata ma'aikata ne suke karɓa-karɓa, dare da rana. In kun gama da Table Rock ku ɗan ƙara gaba da mota ta hanyar Chippawa tun da sauran haske, za ta ga ƙofofin da idonta.

Kawu Garba: Tunda Hajiya ta yanke, na janye. Amma ku isa da wuri, ta fara ganin farin.

Baban Amira: An gama. Laraba in sha Allahu, da motarmu, bayan azahar. Table Rock, ƙofofin Injiniya, magariba a kan ciyawa, fitilu, mu taso kafin cunkoso saboda jaririya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abba Scarborough: Motar taka kujera nawa ce? Laraba ba ni da aiki.

Maman Walid: Abba, tafiyar surukai ce. Ka hau jirgin GO daga Union.